Sarƙar Kamun Sarki: Nazarin Dabarun Kusa a Wasan Shaɗaranji



Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan masu wasan shaɗaranji, watau wasan nan da Turawa ke kira ces, ya san abin da ke sa 'yan kallo su riƙe baki. Shi ne lokacin da ɗan wasa zai ɗauki sarauniyarsa, wadda ta fi kome daraja a cikin 'ya'yansa, ya ajiye ta inda za a cinye ta a banza, abokin karawarsa ya cinye, sa'an nan bayan taku biyu ko uku a ga sarkin wanda ya ci ɗin ya rasa mafita. A nan ne akan ji ana cewa ai wannan baiwa ce, ko kuwa ilhama. Wanda ya yarda da wannan magana kuwa, ɗayan biyu ne: ko dai ya yanke ƙauna ya ce shi ba a ba shi ba, ko kuma ya dinga zubar da 'ya'yansa a kan allo yana jiran ranar da sa'a za ta zo. Abin da wannan lacca ke neman tabbatarwa shi ne, irin wannan sadaukarwa tana da sababi wanda ido ke iya gani tun kafin a yi ta, tana kuma da hanyar gwaji wadda kowane mai haƙuri zai iya bi.

Sunaye da Ƙa'idoji

Wasan ya samo asali ne daga Indiya wajen ƙarni na 6, ya shiga Farisa, Larabawa suka ɗauke shi daga can, ya bi ta Andalus ya shiga Turai. A nan kusa ma bai zama baƙo ba, domin a cikin shekarun 1930 wasu jami'an mulkin mallaka sun rubuta labarin wani tsohon samfurinsa da suka tarar a Borno, ana kiransa tsatsarandi, inda 'ya'yan wasan suke ɗauke da sunayen sarauta irin su mai da ciroma da kaigama.

Allon yana da gidaje 64. Layukan tsaye ana ba su haruffa daga a zuwa h, na kwance kuwa lambobi daga 1 zuwa 8, saboda haka kowane gida yana da sunansa, kamar e4 ko h7. Fari yana farawa daga layi na 1 da na 2, Baƙi daga na 8 da na 7. A cikin wannan lacca za a kira 'ya'yan da sarki, sarauniya, hasumiya, giwa, doki da dakare. Giwa ita ce mai tafiya a karkace, wadda Ingilishi suka raɗa wa sunan limamin coci. Sunanta na asali a wurin Larabawa giwa ne. Masana sun saba ƙiyasta darajarsu da cewa dakare 1, doki 3, giwa 3, hasumiya 5, sarauniya 9. Idan aka kai wa sarki hari, za a kira shi kashedi. Idan aka yi kashedin da ba shi da magani, shi ne kamun sarki, wanda Farisawa suka kira shah mat. Galibi akan fassara wannan da cewa sarki ya mutu, amma ma'anarsa ta Farisanci ta fi kusa da cewa sarki ya rasa yadda zai yi.

Gwanaye sun kasa tunanin wasan kashi biyu. Akwai shirin nesa, watau inda za a girke 'ya'ya da ɓangaren da za a kai hari nan gaba. Akwai kuma dabarun kusa, watau abin da zai faru cikin taku biyu zuwa biyar idan 'ya'ya suka yi gaba da gaba. Sarƙa kuwa, kamar yadda Mikhail Botvinnik, zakaran duniya na ƙasar Sobiyet, ya bayyana ta, ita ce jerin takun tilas wanda akwai sadaukarwa a cikinsa.

Kalmar tilas ɗin nan ita ce ginshiƙin al'amarin, kuma lissafi ne zai nuna dalili. A tsakiyar wasa, ɗan wasa yakan sami kimanin taku 30 da doka ta yarda masa. Wanda ya ce zai duba kome da kome har zuwa taku uku nasa da uku na abokin karawarsa, to ya ɗauko 30 sau 30 har sau shida, watau miliyan 729. Babu ƙwaƙwalwar ɗan Adam da za ta ɗauki wannan kaya. Amma idan kowane taku nasa kashedi ne, abokin karawar ba shi da amsa sai ɗaya ko biyu, bishiyar nan mai rassa miliyoyi sai ta koma sanda guda. Takun tilas iri uku ne, bisa ga ƙarfinsu: kashedi, sa'an nan ci, sa'an nan barazana mai tsanani. Gwanin da aka ce ya hango taku takwas, a mafi yawan lokaci siririyar hanya guda ya bi wadda ba ta da kwana.

Daga Bagadaza zuwa Salamanka

Malaman farko da suka rubuta wannan fanni a Bagadaza suke, a zamanin Abbasiyawa. Al-Adli ya yi littafinsa a ƙarni na 9, as-Suli kuwa, wanda ya rasu a shekarar 946, sunansa ya zama abin buga misali da ƙwarewa. Sun bar tarin matsalolin da suke kira mansuba, watau a jera 'ya'ya a kan allo a ce wa ɗalibi ya nemo kamun sarki. Mafi shahara a cikin irin waɗannan matsaloli ita ce wadda ake dangantawa da wata mace mai suna Dilaram. Hikayar ta ce mijinta ya yi caca har ya sa ta a matsayin abin ci, kuma saura taku ɗaya a kama sarkinsa, sai ta yi masa ishara da ya ba da hasumiyoyinsa biyu maimakon ya ba da ita. Labarin hikaya ce kawai, amma jerin 'ya'yan yana nan, kowa na iya gwadawa.

Sarkin Baƙi yana g8. Fari yana da hasumiyoyi a h4 da h1, giwa a h3, doki a g4, dakaru a f6 da g6. A tsohuwar doka giwa tsallake take yi, gida biyu a karkace, ko da akwai wani a tsakani. Hasumiyar h4 ta faɗa h8 da kashedi, sarki ya cinye ta. Giwa ta tsallake kan doki ta sauka f5, ta buɗe wa hasumiyar h1 hanya, kashedi ke nan. Sarki ya koma g8. Hasumiya ta biyu ta faɗa h8, ya sake cinyewa. Dakare ya hau g7 da kashedi, sarki ya koma g8 domin giwa ta tsare h7, doki ya sauka h6, wasa ya ƙare. Baƙi yana iya jinkirta abin da taku ɗaya idan ya gitta hasumiyarsa a h2, amma cinye ta za a yi a ci gaba. Abin lura shi ne Fari bai yi taku ko ɗaya wanda ba kashedi ba, domin da ya numfasa sau ɗaya, nasa sarkin za a kama. Dabaru biyu ne a ciki: jawo sarki zuwa gidan da ake so da abin da ba zai iya ƙin ci ba, da kuma yaye labule, watau ɗa guda ya kauce domin na bayansa ya yi hari.

A ƙarshen ƙarni na 15 aka sake dokokin wasan a Turai. Sarauniya, wadda a da wazirin sarki ce mai tafiyar gida ɗaya a karkace, aka sakar mata mara ta bi kowane layi iya tsawonsa, giwa ma aka ba ta dukan layin karkace. A shekarar 1497 Luis Ramirez de Lucena ya buga littafi a Salamanka ta ƙasar Sifen, a ciki akwai kamun da har yau ake koya wa kowane ɗalibi, wanda ya dace a kira shi kamun shaƙewa. Sarkin Baƙi yana g8, dakarunsa suna g7 da h7, na f ya tafi, hasumiyarsa tana can gefe a layi na 8. Fari yana da doki a e5. Sarauniya ta zo e6 da kashedi. In sarki ya je f8 za a kama shi nan take a f7, saboda haka sai h8. Doki ya zo f7, kashedi, sarki ya koma g8. Doki ya tsallaka h6, sai ga kashedi biyu a lokaci guda, na doki da na sarauniyar da ya buɗe wa hanya. Tagwayen kashedi ba a tare su, ba a kuma kawar da su ta hanyar ci, dole sarki ya motsa da ƙafarsa. Ya koma h8. Sarauniya ta faɗa g8 a gabansa. Sarki ba shi da ikon cin ta domin doki na tsaron gidan, dole hasumiyarsa ta ci, ta kuma toshe masa ƙofar da ta rage. Doki ya komo f7. Bayinsa ne suka shaƙe shi. Sau da yawa akan jingina wannan kamu ga Philidor, gwanin Faransa na ƙarni na 18, alhali an buga shi fiye da shekara 200 kafin haihuwarsa. Sai dai ɗalibi ya kula: in da hasumiyar Baƙi tana f8 tun farko, da ta cinye dokin a zuwansa na farko f7, labarin ya sake. Gida ɗaya tak ke raba sarƙa mai aiki da wadda za ta tsinke.

Wasan Gidan Waƙa

Misalan da suka gabata an jera su ne da hannu. Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce yadda irin wannan hali ke tasowa a wasa na gaske, kuma babu wasan da ya fi amsa ta kamar wanda Paul Morphy ya yi a Paris a shekarar 1858. Morphy mutumin New Orleans ne ta Amurka, yana da shekara 21 a lokacin. An gayyace shi gidan waƙar opera, a can cikin ɗakin kallo ya kara da manyan mutane biyu da suka haɗa kai suna shawara, Duke Karl na Brunswick da Count Isouard. Morphy ke da Fari. Taku 17 ne kacal, ya kamata a bi su a hankali.

An buɗe da dakaru a e4 da e5. Fari ya fito da doki f3, Baƙi ya tokare da dakare a d6. Fari ya tura dakare d4, Baƙi ya kawo giwa g4. Fari ya ci dakaren e5, Baƙi ya ba da giwarsa ya ci dokin f3, sarauniya ta cinye giwar, Baƙi ya rama dakarensa a e5. Taku biyar ke nan, kuma in an ƙidaya daraja, kunnen doki ne. Amma in an duba allon za a ga Baƙi ya sayar da ɗa guda tilo da ya fito da shi, Fari kuwa sarauniyarsa tana waje, kuma shi ke da taku. Ya kawo giwa c4, tana haɗa kai da sarauniya a kan f7, gidan da ba mai tsaronsa sai sarki. Baƙi ya tare da doki a f6. Sarauniya ta koma b3, hari mai baki biyu: f7 ta wannan gefe, b7 ta wancan. Baƙi ya sa sarauniyarsa a e7 domin ta tsare f7, amma da yin haka ta tsaya a ƙofar giwarta ta f8, giwar kuma ta tsaya a ƙofar hasumiyar h8.

A taku na 8 ne halin Morphy ya bayyana. Dakaren b7 yana nan a banza. Da ya ci, Baƙi zai kawo sarauniya b4 da kashedi ya tilasta musayar sarauniyoyi, Fari ya tsira da ribar dakare ɗaya da doguwar wahala. Morphy ya ƙyale dakaren ya fito da dokinsa na biyu c3. Baƙi ya tura dakare c6. Fari ya kawo giwa ta biyu g5, ta turke dokin f6, domin in ya motsa sarauniyar da ke bayansa za a ci. Turke yana daga cikin manyan dabarun kusa: ɗan da aka turke yana nan a kan allo, ana ganinsa, amma aikin gadinsa ya zama na jeka-na-yi-ka.

Yanzu sai a yi ƙidaya irin wadda ta dace. Fari yana da sarauniya da giwaye biyu da doki a fagen fama, hasumiyoyinsa kuma taku ɗaya ko biyu ya rage su iso. Baƙi yana da doki turkakke da sarauniyar da ta tare hanya, sauran duk suna gidajen da aka haife su, sarkinsa kuma yana tsakiya. Ma'aikatan da ke cikin wannan zaure sun san bambancin da ke tsakanin sunayen da ke cikin takardar albashi da mutanen da ake samu a kan kujerunsu ran Litinin da safe. A takarda rundunonin biyu daidai suke. A bakin aiki huɗu ne a kan biyu.

Baƙi ya tura dakare b5 domin ya kori giwa ya sami sarari. Morphy ya ba da doki ya ci dakaren, aka cinye dokin, giwa ta ci dakare na biyu a b5 da kashedi. Baƙi ya gitta dokinsa a d7, shi ma ya zama turkakke a gaban sarki. Fari ya yi takun nan na musamman da sarki da hasumiya ke yi tare, ta ɓangaren sarauniya, sai ga hasumiya a d1 tana kallon d7. Baƙi ya kawo tasa hasumiyar d8 domin taimako. A taku na 13 hasumiyar Fari ta cinye dokin d7, hasumiyar Baƙi ta cinye ta, Fari ya kawo hasumiya ta biyu d1. Wannan musaya a takarda hasara ce, 5 a kan 3, amma Fari yana da wata hasumiyar da za ta maye gurbi nan take, Baƙi kuwa tasa ta biyun tana kulle a h8. Baƙi ya matsa da sarauniya e6 domin ya kwance dokinsa daga turke. Giwa ta ci hasumiyar d7 da kashedi. In sarauniya ta rama, hasumiyar d1 za ta cinye ta, saboda haka doki ya rama. Barinsa f6 ya buɗe wa giwar g5 hanya har d8. Saura abu ɗaya: dokin da ke d7 ya tare wa hasumiya layi. Sarauniya ta faɗa b8 da kashedi, ba wata amsa sai doki ya cinye ta, hasumiya ta sauka d8 giwa na tsaronta.

A ƙarshen wasan Fari ba shi da sauran manya sai hasumiya da giwa, daraja 8. Baƙi yana da sarauniya da hasumiya da giwa da doki, daraja 20, biyu daga cikinsu ba su taɓa motsawa ba. Masu kallo sukan yaba taku na 16, inda aka ba da sarauniya, alhali kuwa shi ne mafi sauƙi, ɗalibin wata shida zai gano shi. Aikin gwaninta yana taku na 8 da na 9, da na 12 da na 14, inda ba a ci kome ba, sai dai kowannensu ya kawo sabon ma'aikaci tare da barazana. Wilhelm Steinitz, wanda ya zama zakaran duniya na farko a shekarar 1886, shi ya mai da wannan ya zama ƙa'ida: hari ba ya halatta sai ga wanda ya riga ya tara fifiko, kuma wanda ya tara shi wajibi ne ya kai harin, in ba haka ba fifikon ya zube.

Neman Amsar da ba a So

Kashi na biyu na nazari ya fi na farko ɗaci, domin a nan ne mutum zai zauna a kujerar abokin karawarsa ya nema masa mafita da gaske. Akwai wani tsohon tarko mai ɗauke da sunan Legal, gwanin Paris na ƙarni na 18. Dakaru suna e4 da e5, dokin Fari a f3 da c3, giwarsa a c4; Baƙi yana da doki a c6, dakare a d6, giwarsa kuma ta zo g4 ta turke dokin f3 a gaban sarauniya. Sai Fari ya yi kamar bai ga turken ba, ya ci dakaren e5 da dokin. In Baƙi ya yi kwaɗayi ya cinye sarauniya a d1, giwa za ta ci f7 da kashedi, sarki ya hau e7, doki na biyu ya sauka d5, an kama shi. Dubban ɗalibai sun haddace wannan. Amma a wannan jeri, in Baƙi ya kau da kai daga sarauniyar ya cinye dokin e5 da nasa dokin, to dokin nasa yana tsaron giwar g4, Fari ya yi hasarar doki a kan dakare ɗaya. Wanda ya yi nazari na gaskiya zai fara tura dakare h3. In giwar ta ja da baya zuwa h5, sa'an nan ne cin e5 ya inganta, domin in doki ya rama, sarauniya za ta ci giwar a h5, in kuma dokin ya ci giwar c4, sarauniya ta zo b5 da kashedi ta cinye shi, Fari ya fita da ribar dakare. Na farkon caca ce a kan kwaɗayin wani, na biyun lissafi ne da ke tsaye ko da wa ake karawa.

Manya ma ba su tsira daga wannan bincike ba. Wasan da Adolf Anderssen ya ci Lionel Kieseritzky a Landan a shekarar 1851, wanda ake yi wa laƙabi da wasan da ba ya mutuwa, an ba da giwa da hasumiyoyi biyu da sarauniya a cikinsa, aka kama sarki da ƙananan 'ya'ya uku a taku na 23. Daga baya Steinitz ya nuna cewa a taku na 18 Baƙi yana da kariyar da ta fi wadda ya yi, ta hanyar cin hasumiyar a1 da kashedi sa'an nan sarauniya ta komo b2. Wannan bai rage wa wasan kyau ba, amma ɗalibin da zai koyi hari gara ya fara da na Morphy, inda kowace sadaukarwa take da tushe.

Misalin da ya fi kowanne nuna amfanin wannan bincike shi ne wasan Ossip Bernstein da Jose Raul Capablanca, mutumin Kuba, a Mosko a shekarar 1914. An kai taku na 29, kowa yana da sarauniya da hasumiya ɗaya, kowane sarki kuma yana bayan dakarunsa uku da ba su motsa ba, watau ba shi da taga in an shigo masa ta layin baya. Sarauniyar Bernstein, mai Fari, tana e2, hasumiyarsa tana c3. Capablanca yana da sarauniya a b6 da hasumiya a d8. Abin da ido ke fara gani shi ne kashedi a b1, sarauniyar Fari ta gitta a f1, sa'an nan hasumiya ta sauka d1 ta turke ta. Ga alama Bernstein wannan yake jira, domin da hasumiyar Baƙi ta bar layi na 8, tasa za ta faɗa c8 ta kama sarkin Capablanca. Capablanca ya ga ramin. Ya ajiye sarauniyarsa a b2, ba kashedi, ba ci, a gidan da sarauniyar Fari za ta iya cinye ta. In ta ci, ta bar gadin d1, hasumiya ta sauka ta kama sarki. In ba ta ci ba, ana barazana ga ita kanta da hasumiyar c3 a lokaci guda. In hasumiyar ta koma c2, kashedi a b1 zai janye sarauniya zuwa f1 a cinye hasumiyar. In sarauniya ta koma e1, sai a ci hasumiyar c3, domin ramawa na nufin barin layin baya. An ɗora wa mai gadi ɗaya ƙofa biyu, taura biyu kuwa ba ta taunuwa. Bernstein ya miƙa wuya nan take. Wannan ya nuna iyakar ƙa'idar fara duba kashedi: dubawa aka ce, ba a ce a yi ba.

Ido da Lissafi

Saura tambaya ɗaya: me ke sa gwani ya san inda zai duba? Adriaan de Groot, masanin halayyar ɗan Adam na ƙasar Holan, ya buga bincikensa a shekarar 1946. Ya gano cewa manyan gwanaye ba su fi 'yan wasa masu ƙarfi zurfin lissafi da wani abin kirki ba, sai dai tun daga kallon farko takun da ya dace suke ɗauka su bincika. In an nuna musu jerin wasa na 'yan daƙiƙoƙi aka kawar, sukan mayar da kusan kome gidansa. A shekarar 1973 William Chase da Herbert Simon suka ƙara gwaji a Amurka: da aka watsa 'ya'yan barkatai ba bisa tsarin wasa ba, yawancin fifikon gwanin sai ya gushe. Ashe siffofi ya tara a ka, irin su sarkin da ba shi da taga, da doki kusa da sarkin da ke lungu, da mai gadin da kaya suka yi wa yawa. Wannan shi ne dalilin da ya sa hanyar malaman Bagadaza ta jera matsala a warware ba ta tsufa ba. Alexander Kotov, a littafinsa da aka fassara zuwa Ingilishi a shekarar 1971, ya ƙara da nasihar cewa ɗan wasa ya fara lissafa takun da suka cancanci dubawa kafin ya nutse cikin ɗaya, ya bi kowanne har ƙarshe sau ɗaya, kada ya yi ta kai da kawowa agogo na ci.

Tun da na'urar Deep Blue ta ci Garry Kasparov a New York a shekarar 1997, kwamfuta ta zama alƙalin kowane nazari, kuma manhaja irin Stockfish tana nuna kuskuren sarƙa cikin ƙiftawar ido. Amfaninta ga ɗalibi yana zuwa ne bayan ya rubuta nasa lissafin a takarda. Wanda ya fara tambayarta amsa zai samu, idonsa kuwa ba zai koyi kome ba.

Dogaro da siffofi shi ma yana da ramin kansa. A watan Nuwamba na shekarar 2006, a birnin Bonn na Jamus, Vladimir Kramnik, yana zakaran duniya a lokacin, ya kara da manhajar Deep Fritz. A wasa na biyu sarkinsa yana h8, dokin na'urar yana f8, sarauniyarta tana kallon h7. Kramnik yana da isasshen lokaci, ya yi tunani, ya kai sarauniyarsa e3 yana bin wani dogon lissafi nasa. Na'urar ta sauke sarauniya a h7 a taku na 35, kamun sarki na taku ɗaya. Masu sharhi sun lura cewa dokin da ke tallafa wa irin wannan kamu a g5 ko f6 aka saba ganinsa. A f8 kuwa galibi dokin mai gida ne ke tsayawa yana tsaron h7, saboda haka siffar ba ta buga ƙararrawa a kansa ba. An tashi karawar na'urar tana da maki 4, Kramnik yana da 2.